Abincin Daren Masoya A Otel, Da Akushin Gidanmu

Kowace shekara, in watan Fabrairu ya kama, manyan otel-otel na birane sukan fara talla a radiyo da cikin salula. Suna kiran miji da mata, da saurayi da budurwa, su zo cin abincin dare ran 14 ga wata. Da Faransanci ana ce da ranar Saint-Valentin. Da Hausa akan ce ranar masoya. A dā sai a ƙasashen Turawa ake yin wannan. Yanzu ya iso Yamai, 'ya'yanmu da ke birni suna ganinsa, hotunansa kuma suna isowa har ƙauye.

'Yan'uwa sun rabu a kan wannan abu. Waɗansu dattawa suna cewa shirme ne na Turawa, kada ma a ambace shi. Waɗansu matasa suna tsammani idi ne na masu bi, kamar Kirsimati, tun da yake sunan wani mai bi na dā ne a kansa. Akwai kuma matan aure da suka ga hotunan, ba su ce kome ba, amma abin ya tsaya musu a rai. Saboda haka bari mu zauna mu sheƙe wannan al'ada kamar yadda ake sheƙar hatsi, mu ga wanne ne tsaba, wanne ne ƙaiƙayi.

1. YADDA AKE YIN WANNAN DARE

Tun da sauran kwanaki mutum yakan kira otel, a rubuta sunansa, a ajiye masa wuri. Ran nan da dare sai shi da matarsa su yi ado, su tafi. A ɗakin cin abinci an jera ƙananan tebura, kowane tebur da kujeru biyu kawai. Akan rage hasken lantarki, a kunna buji a kan tebur, a ajiye jan furen wardi. A gefe guda masu kiɗa suna kiɗa a hankali, don kada su hana mutane jin juna.

Ba a kawo abinci gaba ɗaya. Da fari akan kawo ɗan abu mara nauyi, kamar romo ko salati. In an gama, a kwashe kwanoni, a kawo nama ko kifi. Daga ƙarshe a kawo abin zaƙi, gato ko shokola. Tsakanin wannan da wancan akwai jira, don haka cin abincin yakan ɗauki awa biyu ko fiye. A daren nan yawanci otel ne ke zaɓen abin da za a ci, ya yanka kuɗi ɗaya na mutum biyu. Sau da yawa akan haɗa da giya, wani lokaci har da ɗakin kwana.

Ko a ƙasar Turawa ma wannan zama ba tsoho ba ne ƙwarai. A dā, matafiyi a Faransa yakan zauna a dogon tebur guda tare da sauran baƙi, kowa ya ci abin da mai masauki ya dafa. A birnin Paris ne, cikin ƙarni na 18, aka fara gidajen abinci inda kowa ke da nasa ƙaramin tebur, ya kuma zaɓi abin da yake so.

2. DAGA INA RANAR TA FITO?

Valentin sunan wani mai bi ne da aka kashe saboda bangaskiyarsa a ƙasar Roma, cikin ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu. An binne shi ran 14 ga Fabrairu a bakin wata hanya da ta fita daga birnin Roma ta nufi arewa. Ikilisiyar Roma ta riƙa tunawa da shi a wannan rana, kamar yadda take tunawa da sauran waɗanda aka kashe. Labaran da ake bayarwa, wai yana ɗaura wa sojoji aure a ɓoye, daga baya ne aka ƙara su. A shekara ta 1969 ikilisiyar Katolika da kanta ta fitar da ranar daga babban jerin ranakunta, domin abin da aka tabbatar game da shi kaɗan ne.

To, ina zancen soyayya ya shigo? Ya shigo ne bayan shekara fiye da dubu, a ƙasar Ingila. Wani mawaƙi mai suna Geoffrey Chaucer, wanda ya mutu a shekara ta 1400, ya yi waƙa inda ya ce a ranar Valentin ne tsuntsaye suke zaɓen abokan zamansu. Sannu a hankali sai manyan mutane suka fara aika wa juna wasiƙun ƙauna a ranar. A shekara ta 1840 aka rage kuɗin aika wasiƙa a Ingila, har talaka ya iya biya. Daga nan masu buga takardu suka fara sayar da katunan ƙauna da yawa. Masu shokola da masu furanni suka bi sahu, daga baya masu otel.

Mu lura da kyau. Wannan rana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Manzanni ba su san ta ba. Wanda bai kiyaye ta ba bai yi laifi ba, wanda kuma ya ci abinci da matarsa a ranar bai ƙara kome a kan cetonsa ba. Al'ada ce ta mutane.

3. WA KE CIN RIBA?

Watan Fabrairu lokacin sanyi ne mai tsanani a Turai, furen wardi ba ya yi a fili. Furanni da yawa da ake ajiyewa a teburan nan daga Afirka suke zuwa. Ana noma su a Kenya, a bakin tafkin Naivasha, da kuma a Habasha. A yanke su, a sa cikin sanyi, jirgin sama ya kai su kasuwar furanni ta ƙasar Holan, daga can a rarraba. Na Amurka kuwa yawanci daga Kolombiya da Ekwado suke zuwa. Shokola da koko ake yin ta, fiye da rabin kokon duniya kuwa daga Kodebuwa da Gana yake fitowa, ƙasashen da samarinmu ke zuwa neman kuɗi. Gana ma ta mai da 14 ga Fabrairu ranar shokola ta ƙasa, don mutanenta su riƙa sayen abin da suka noma.

Dubi kuma yadda 'yan kasuwa suke juya ranar yadda ta yi musu. A ƙasar Japan mata ne ke ba maza shokola ran 14 ga Fabrairu, sa'an nan aka ƙirƙiro wata rana, 14 ga Maris, don maza su rama. Ciniki ya zama sau biyu ke nan. A ƙasar Birazil ran 12 ga Yuni suke yin tasu ranar masoya. Wani mai talla ne ya kawo ta wajen ƙarshen shekarun 1940, domin a watan Yuni kasuwa takan yi sanyi a can.

Ciniki ba zunubi ba ne. Mai otel yana neman abincinsa kamar yadda mai albasar Galmi yake neman nasa. Amma ya kamata mu san muryar da ke kiranmu. In talla ta ce maka, "Nuna mata ƙauna," mai kaya ne yake magana, kayansa yake so ka saya.

4. TSABAR DA KE CIKI

Amma kada mu yi saurin zubar da kome. Bari mu tambayi kanmu: me ya sa mutum zai biya kuɗi mai yawa don abincin da matarsa za ta iya dafa wanda ya fi shi daɗi? In ka cire buji, ka cire fure da kiɗa, me ya rage a teburin nan? Mutum biyu ne, suna zaune suna duban juna, ba wanda ke sauri. Ba yaro mai kuka, ba baƙo mai sallama. Matar ba ta tashi ta duba tukunya. A daren nan wani ne ke yi mata hidima. Mijinta kuwa ba shi da wurin zuwa, sai ya saurare ta. Abin da suke saye ke nan da gaske.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Uwargida ta tashi tun asuba. Ta je rijiya, ta yi sussuka, ta yi daka, ta dama fura, ta nemo itace. Da yamma ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta ba yaro ya kai wa maigida a zaure ko a ƙofar gida. Can zai ci da 'yan'uwansa maza. Ita kuma sai ta raba wa yara, ta ci abin da ya rage, wani lokaci a tsugune a bakin murhu. Maigida ya tafi hira dandali. Kafin ya komo, gajiya ta riga ta kwantar da ita. Haka yau, haka gobe. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin da aure, suka haifi 'ya'ya takwas, amma hannunsu bai taɓa haɗuwa cikin akushi ɗaya ba.

Ciyayyar maza a ƙofar gida abu ne mai kyau. Ta wurinta baƙo yake samun abinci, wanda ba a dafa a gidansa ba ya ƙoshi, ba wanda ya sani. Kada mu yar da ita. Amma tana da abin da take ci mana. Miji da mata da ba su zama tare ba su yin shawara. Sai mace ta ji a bakin rijiya cewa mijinta ya sayar da tunkiya. Sai miji ya ji daga baya cewa yaro ya yi wata guda bai je lakwal ba. Mace tana fama da ciwo, ta ɓoye, domin ba ta sami lokacin faɗa ba, har ranar da za a ɗora ta a amalanke a nufi asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida kuwa jinka ce mai nauyi.

Ku buɗe Farawa 2:18-25 ku karanta. Abin da Allah ya fara gani ya rasa ga Adamu shi ne abokin zama. Adamu yana da abinci, gonar cike take da shi. Ku karanta Karin Magana 15:17. Ayar ta ajiye mana kwano biyu, ɗaya na ganye, ɗaya na nama mai kitse, ta kuma nuna abin da ya sa na ganyen ya fi. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sa'an nan ku karanta Mai Hadishi 9:9, da 1 Bitrus 3:7. Bitrus ya umarci miji ya zauna da matarsa da fahimta, ya ba ta girma, har ya haɗa wannan da karɓar addu'arsa. Ɗan'uwa, ƙaƙa za ka fahimci wadda ba ka zama da ita?

5. ƘAIƘAYIN DA ZA MU ZUBAR

Na fari, bashi. Tun watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta da dokar Nijar ta yarda da shi jika 42 ne a wata. Mu ce wani otel ya yanka jika 30 na mutum biyu. Ga kuɗin mota, ga sabuwar riga, ga kyauta. Ƙaramin ma'aikaci ya cinye watansa a dare ɗaya ke nan. Manomi kuma ya yi nasa lissafi. Buhun hatsi tiya 40 ne. Ka tambayi kuɗin tiya a kasuwarku, ka ga tiya nawa za ta fita daga rumbu. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa sabon hatsi akwai wajen wata bakwai. Hatsin da ka sayar yanzu, da tsada za ka sake sayensa cikin damina, lokacin da ake noma da yunwa. Karin Magana 22:7 ta faɗi matsayin mai cin bashi a gaban mai ba shi. 1 Timoti 5:8 kuma tana da magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Wannan gargaɗi har da 'ya'yanmu na birni. Saurayi yakan ci bashi don a ɗauki hotonsa a otel, alhali mahaifiyarsa a ƙauye tana jiran abin da zai aiko. Ku mata kuma, kada hoton da kuka gani a salula ya sa ku raina mazajenku. Hoto ba ya nuna takardar bashi, ba ya kuma nuna faɗan da aka yi a hanyar komawa gida.

Na biyu, ƙauna ta rana ɗaya. Shekara kwana 365 ce. Wanda ya yi kwana 364 yana zagin matarsa, yana hana ta kuɗin cefane, fure ɗaya ba zai wanke shi ba. Wanda ya bar gonarsa duk damina, ya zo ya yi noma rana guda, ya san abin da zai girba. Ma'aunin da aka ba miji yana cikin Afisawa 5:25-33, ba shi kuwa da ranar hutu.

Na uku, lalata. Mai otel ba ya tambayar takardar aure. A daren nan akwai wanda yake zaune da matar da ba tasa ba, tasa tana gida. Akwai yarinyar da aka saya wa abinci mai tsada, aka ba ta giya, sa'an nan aka ce ta biya da jikinta. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku mata da ke karatu ko aikatau a birni wannan magana a fili, kada kunya ta hana ku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku karanta Ibraniyawa 13:4 tare da samarinku da 'yan matanku.

To, in ɗan'uwa yana birni, yana da hali, abinci yana gidansa, ba bashi a kansa, ya ɗauki matarsa ta aure suka je suka ci, ya yi laifi? Bai yi ba. Kada mu ɗora wa mutane dokar da Allah bai ɗora ba. Sai dai kada ya yi fahariya, kada kuma ya sa wanda ba shi da hali ya ji kunya.

6. YADDA ZA MU YI A GIDA

Tsabar nan ba ta bukatar otel. Ga shawara.

Ku zaɓi rana. Ba lalle sai 14 ga Fabrairu ba, domin a lokacin maza da yawa suna wurin cin rani, waɗansu kuma suna kwana a garka. Ranar da aka ɗaura muku aure ta yi. Ranar da aka rufe rumbu bayan girbi ta yi. Daren da maigida zai tafi cin rani, da daren da ya komo, sun fi kowanne dacewa. In an fara, a yi ƙoƙari ya zama sau ɗaya a wata, ko kowace Lahadi da dare.

Maigida, ka rage mata aikin ranar. In ita ce za ta yi daka da ɗiban ruwa da dahuwa duka, ka ƙara mata wahala ne kawai. Ka kai hatsi inji. Ka kawo ruwa da itace a amalanke. In akwai hali, ka yanka zabuwa, ko ka sayo tsire ko ɗan kilishi a kasuwa. In babu, tuwo da miyar kuka ko kwaɗon zogale ya isa. Wanda yake ganin hidimar abinci ta fi ƙarfin girmansa, ya karanta Yahaya 21:9-13, ya ga wanda ya hura wuta ya gasa kifi, ya kira almajiransa su karya kumallo.

A ba yara abincinsu da wuri, su tafi wurin kaka ko su kwanta. Rabon baƙo da na ƙofar gida a fitar kamar kullum. Sa'an nan a share tsakar gida ko ɗaki, a shimfiɗa tabarma, a ajiye akushi ɗaya. A kashe radiyo, a ajiye salula nesa. Ku yi addu'ar godiya, ku ci tare.

Me za ku faɗa? Da fari bakin zai yi nauyi, wannan ba kome. Maigida, fara da godiya. Ka ambaci abu ɗaya da ta yi wanda ka gani, ba ka taɓa yabawa ba. Ka tambaye ta lafiyar jikinta. Ka tambaye ta abin da ke damunta, sa'an nan ka yi shiru, ka bar ta ta gama. Ka gaya mata abin da ya rage a rumbu, da bashin da ke kanka in akwai. Uwargida, ke ma kada ki mai da daren ya zama ranar shari'a, ki kwaso laifofin shekara goma. Ki faɗi abu ɗaya, ki bar saura sai wani zama. Ku yi dariya, ku tuna da kwanakin da kuka fara sanin juna. Ku rufe da addu'a, kuna ambaton 'ya'yanku ɗaya ɗaya da sunansu.

Wanda yake nesa, a Nijeriya ko Libiya ko Abijan, ya ware lokaci ya kira matarsa ita kaɗai. Kada kiran ya tsaya a kan "Kuɗi sun iso?" Ya tambaye ta yadda take.

Akwai magana kuma ga dattawa da surukai. Abin da ya fi hana wannan zama shi ne tsoron baki. Da an ga miji yana ci da matarsa sai a ce, "Ta mallake shi," ko a kira shi mijin-ta-ce. Kada a ji wannan ba'a a bakin masu bi. Inna, in ɗanki ya zauna da matarsa, ki ɗauke musu jikoki, ki sa musu albarka. Mu dattawan ikilisiya kuma mu fara a namu gidaje, domin matasa abin da suka gani suke bi. Kunya ado ce, muna son ta. Amma kunyar da ta hana mutum sanin ciwon matarsa ta wuce wurinta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wane ne Valentin, me ya sa ba mu lissafta ranarsa cikin idodin masu bi ba?
2. Su wa ke cin ribar daren 14 ga Fabrairu?
3. In aka cire buji da fure da kiɗa, me ya rage a teburin otel? Muna da shi a gidajenmu?
4. Tiya nawa gidanka ke ci a rana? Kwana nawa jika 30 za ta ciyar da ku?
5. Me ke hana miji da mata cin abinci tare a garinku? Ƙaƙa ikilisiya za ta taimaka?

Zumuntar mata da ta maza su tattauna waɗannan dabam dabam, sa'an nan su haɗu su ji amsoshin juna. Bayan haka kowane maigida ya koma gida, ya tambayi uwargida wace rana ce ta fi mata sauƙi cikin wannan mako. Allah ya ba mu gidaje masu salama. Amin.